Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Wurin Haɗari da Ƙofar Asibiti

TAMBAYA: Ni ɗan kabu-kabu ne a Kasuwar Daji, ina kuma cikin shugabannin ƙungiyarmu. Ranar kasuwa da wuya a tashi ba a samu haɗari a kan titin nan na Gusau zuwa Ƙauran Namoda ba, ga kuma waɗanda ake kawo mana daga ƙauyuka da raunin harbi ko sara. Mu ke fara isa wurin, mu ke ɗauka. Wani muna tafe muna magana da shi, kafin mu kai sai rai ya yi halinsa. Wasu su ce a kwara masa ruwa, wasu su ce a ba shi madara, wasu kuma su ce kada a taɓa shi sai 'yan sanda sun zo. Don Allah akwai abin da likitoci suka bincika suka tabbatar a kan wannan, ko kowa nasa yake faɗa? Mu da ba mu yi karatun asibiti ba, akwai abin da ya rage mana ban da gudu da addu'a?

AMSA: Malam, Allah ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya da ba mai biyanku. Bincike kam akwai, kuma ba kaɗan ba. Abin da ya nuna ya fi abin da kake zato nauyi: a wuri irin naku, kaso mafi girma na ceton mai rauni yana hannun wanda ya fara isa gare shi, domin yawancin masu mutuwa ba sa ma kaiwa gaban likita.

A shekarar 1998 wani likitan tiyata, Charles Mock, da abokan aikinsa suka fitar da nazarin da suka yi a birane uku: Kumasi a Gana, Monterrey a Mekziko, da Seattle a Amurka. Sun bi diddigin manyan mutanen da suka ji mummunan rauni. A Seattle kashi 35 cikin 100 suka rasu, a Monterrey kashi 55, a Kumasi kashi 63. Da jin haka mutum zai ce ai bambancin kayan aikin asibiti ne. Amma da aka duba inda aka rasun, sai ga shi a Kumasi 51 daga cikin 63 ɗin nan tun kafin a kai su asibiti suka cika. Cikin mutum biyar da suka mutu, huɗu a bakin titi ne ko cikin mota. Kumasi fa birni ne da ke da babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye a tsakiyarsa. To ina ga wanda aka ɗauko daga wani ƙauye a bayan Moriki ko Birnin Magaji, a kan babur, ta hanyar da kowa ke shakkar bi in rana ta karkata?

Su Mock ba su tsaya a ƙidaya ba. Da suka ga direbobin tasi da na bas ne ke kwasar masu rauni a Gana, sai suka haɗa kai da ƙungiyarsu, suka koyar da direba 335 taimakon farko na awa shida kacal, galibinsa gwaji a aikace. Bayan kimanin wata goma aka nemi wasunsu aka ji ta bakinsu. Masu tsayar wa mai rauni jini sun ƙaru daga kashi 4 cikin 100 zuwa kashi 42, masu buɗe masa hanyar numfashi daga kashi 2 zuwa 35. Sai dai a nan maganar direbobin aka ɗauka, ba a ƙirga rayukan da suka tsira ba. Wanda ya ƙirga su wani likita ne ɗan Norway, Hans Husum, a ƙauyukan arewacin Iraƙi da na Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ke tashi da manoma, asibitin tiyata kuma sai an yi tafiyar awoyi. Daga 1997 zuwa 2001 aka horar da ma'aikatan lafiyar karkara 135, su kuma suka koyar da mutanen gari 5,200. Mutuwar masu rauni ta sauko daga kashi 40 cikin 100 zuwa ƙasa da 15. Wannan binciken ya fi kwanta mini a rai, domin halin waɗancan ƙauyuka ya fi kusa da abin da Zurmi da Shinkafi ke ciki yau.

To me aka koya musu? Da farko kada kai ma ka zama na biyu: a sa wani ya tsayar da motoci daga nesa ta kowane ɓangare, a kashe injin, a kori mai taba in fetur ya zube. Daga nan sai jini. Jinin da ke jikin babban mutum kusan lita biyar ne, ya ɗan ɗara galan ɗaya na man da kuke saya. In lita biyu ta zuba rai na cikin haɗari, babbar jijiyar cinya kuwa in ta yanke cikin 'yan mintoci take zubar da hakan. Saboda haka kafin neman mota, kafin kiran dangi, a yage wandon ko rigar a ga raunin da ido. A dunƙule tsumma mai tsabta, ko ɗankwali, ko rawani, ko rigarka in ita ce kusa, ka ɗora a kai ka danna da tafin hannu, ka sakar masa nauyin jikinka. Zai yi ihu, kada ihun ya sa ka sassauta. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗagawa a leƙa ko ya tsaya, alhali kowace leƙawa ɓalle gudan jinin da ya fara daskarewa take yi. A riƙe aƙalla minti goma ba ɗagawa, in tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa. In raunin rami ne mai zurfi, irin na harsashi a matsematsi ko hammata inda ba a iya ɗauri, a cusa tsumman har ramin ya cika sannan a danna. Sa hannunka cikin leda in da hali, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Wuƙa ko ƙarfe ko icen da ya soke ya tsaya, a bar shi inda yake a danna gefensa, sau da yawa shi ya toshe jijiyar. Toka, ƙasa, garin taba, fetur da man birkin nan da direbobi ke yabo, ba wanda ke tsayar da jinin babbar jijiya a cikinsu. Ƙona naman suke yi, su cika raunin da datti, ƙasar kuma ta shigar da tetanus mai sarƙe haƙora.

In hannu ko ƙafa ce ta guntule, ko jinin na tsartuwa ya ƙi tsayawa duk da dannawa, sai ɗauri. An daɗe ana tsoratar da mutane cewa ɗauri ke jawo a yanke gaɓa, har littattafan taimakon farko sun yi ta hanawa. Yaƙin Iraƙi ya sauya wannan fahimta. A 2006 wani likitan soja, John Kragh, ya bi masu rauni 232 da aka yi wa ɗauri a wani asibiti a Bagadaza. Waɗanda aka ɗaure tun jikinsu bai saki ba, kashi 90 cikin 100 sun rayu. Waɗanda sai da jini ya gama zuba aka ɗaure, kashi 10 kawai. Kuma ba wanda ya rasa gaɓa saboda ɗaurin shi kaɗai. Amma ɗauri yana da yadda ake yinsa. Ninka rawani ko ɗankwali ya kai faɗin yatsu uku, zagaya shi sau biyu a sama da raunin da kamar yatsu huɗu, wato ta ɓangaren jiki, ba a kan gwiwa ba. Ƙulla sau ɗaya, ɗora sifana ko guntun sanda mai ƙwari a kan ƙullin, sake ƙullawa a kanta, sannan ka yi ta murɗa sandar har jinin ya tsaya cak. Ɗaure bakin sandar kada ta warware. Duba agogo, rubuta lokacin da biro a fatarsa. Daga nan ba kwancewa don a ba shi hutu, sai likita. Ɗaurin da bai kai awa biyu ba galibi ba ya lahanta gaɓa. Waya, siririyar igiya da robar tayar babur yankan nama suke yi, a guje su. Ɗauri sako-sako kuwa ya fi rashin ɗauri muni, domin yana tare jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ya bar masu kawo shi a buɗe, zubar ta ƙaru. Wannan ɗauri na zubar jini ne kaɗai, ba a yi wa wanda maciji ya sara.

Bayan jini sai numfashi, kuma shi ne ya fi ba ni takaici don ba ya bukatar ko sisi. Ka san yadda abin ke kasancewa. Matashi ya faɗo daga babur, yana kwance rigingine a kan kwalta, idanu a rufe, yana wani irin minshari. Jama'a sun yi masa zobe, wani na firfita shi da kwali, wani na cewa alhamdulillahi da sauran numfashi. Minsharin nan ba barci ba ne. Mutum in ya suma naman harshensa saki yake yi ya koma baya ya rufe maƙogwaro, jini da amai kuma su taru a wurin. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci, don haka wanda buguwar kansa ba ta kai ta kisa ba sai harshensa ya kashe shi a gaban mutum hamsin. Durƙusa ta wajen kansa, sa yatsunka a kusurwar muƙamuƙi ƙarƙashin kunnuwa biyu, tura muƙamuƙin gaba har haƙoran ƙasa su wuce na sama. Sau da yawa nan take za ka ji minsharin ya ɗauke, iska na shiga sosai. In akwai jini ko amai a baki, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, biyu su kama kafaɗa da ƙugu, a juya shi gaba ɗaya ya kwanta ta gefe, bakin na kallon ƙasa. Haka zai zauna har asibiti. Ba a cusa cokali, ba a zaunar da shi, ba a jijjiga shi don ya farka.

Ruwa da madarar da ka ambata, na san tausayi ke sa a bayar, don mai rauni yakan yi ta roƙon ruwa. Ƙishirwar nan ita kanta alama ce ta jini ya zuba. Abin da ya sha ba zai koma jini ba, amai zai jawo ya faɗa huhu, kuma zai wahalar da masu sa shi barci in tiyata ta kama. A jiƙa masa leɓe kawai. Kwara ruwa a jiki ma illa ce, saboda jini ba ya daskarewa da kyau in jiki ya yi sanyi, mai zubar jini kuma sanyi yake yi ko a tsakiyar bazara, balle da hunturu a bayan buɗaɗɗiyar mota. A lulluɓe shi da bargo ko zane. Wuri ɗaya ne ruwa ke da aiki, wato ƙuna: a yi ta zuba ruwa mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ko koko ko man goge baki ko baƙin mai ba.

Yanzu ga wanda ka ce kuna tafe kuna magana ya cika. Irin wannan galibi jinin ciki ne ya zubar. Saifa da hanta kan fashe in kan babur ko ƙarfen mota ya daki ciki, saifar da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana kumburawa kuwa ta fi saurin fashewa. Ƙashin cinya ɗaya in ya karye yana iya ɓoye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, karayar ƙugu ta fi haka, a waje kuma ba ko ɗigo. Alamominsa: tafin hannu da cikin ido su yi fari, jiki ya yi sanyi yana gumi, bugun zuciya ya yi sauri ba ƙarfi, ga ƙishirwa, ga rashin natsuwa, yana ta cewa a tashe shi a kwantar da shi. In ƙugu yake kuka da shi, a ninka zane a zagaya daidai inda ƙasusuwan cinya suka haɗu da ƙugu, a tamke, a haɗa ƙafafun a ɗaure. Akwai kuma na kai: ya suma, ya farfaɗo, ya ce lafiyarsa lau har ya tambayi babur ɗinsa, bayan awa ɗaya ko biyu ya fara amai, ciwon kai, barci na fizgarsa. Jini ne ke taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya suma bayan buguwa, ko na minti ɗaya ne, kada a bar shi ya tafi gida.

Waɗannan biyun ba abin da hannunka zai yi musu illa sauri, da kai su inda ya dace tun farko. Kemis da ƙaramin asibitin unguwa ɓata lokaci ne ga mai zubar jinin ciki. Ɗakin tiyata yake bukata da jini. Ku a Kasuwar Daji kuna tsakani, ga babban asibitin Ƙaura ta nan, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau ta can. Shawarata, shugabannin ƙungiyarku su je waɗannan wurare tun ba a shiga tashin hankali ba, su gana da masu kula da ɗakin gaggawa, su tambaya wane irin rauni ake iya yi wa aiki a nan, ana tiyata da dare, akwai jini a ajiye, su karɓi lambar da za a kira in an taso. 'Yan'uwanku na Shinkafi da Zurmi ma haka. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a manyan asibitocin garuruwan biyu, amma ƙarfin aikinta a kan yara ne da tamowa, don haka a tambaya kada a ɗauka. In za ku tafi ku ɗauki dangi biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, ya fi tarin masu kuka amfani.

Akwai dalilin da ya sa na nace a duba agogo. Wata allura ce mai araha, tranexamic acid, da wasu ma'aurata 'yan Japan, Shosuke da Utako Okamoto, suka samar a 1962, tana hana gudan jini narkewa. An gwada ta a kan masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2010 da sunan CRASH-2. In an yi ta cikin awar farko tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amfaninta na raguwa da kowane jinkiri, bayan awa uku kuwa tana iya cutarwa. Yin ta aikin ma'aikacin lafiya ne, ba naka ba. Naka shi ne da isarka ka ce, “Ƙarfe biyu da rabi abin ya faru, ya suma ya farfaɗo, na yi ɗauri uku saura kwata.” Wannan jimla ɗaya ita za ta nuna musu ko lokacin allurar bai wuce ba.

Ka tambaya ko likitoci kowa nasa yake faɗa. Bincike su ma gyara su yake yi. An shafe shekaru kusan talatin ana yi wa masu buguwar kai wata allurar rage kumburi, kowa na ganin hankali ya ɗauka. Da aka gwada ta a kan mutum dubu goma, sai a 2004 ta bayyana cewa waɗanda aka yi wa sun fi mutuwa, aka daina. In likitoci sun saki abin da suka gada daga malamansu saboda hujja, ba abin kunya ba ne mu saki man birki. Ajali na Allah ne, ba mai ja, amma malamanmu sun sha faɗa cewa riƙo da sababi ba ya rushe tawakkali, kuma danna rauni sababi ne.

Batun jiran 'yan sanda, doka na tare da ku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Dokar kula da masu raunin harbi ta 2017 kuma ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya fara magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara aiki, kuma ta hana a muzguna wa wanda ya kawo mai raunin da tambayoyi marasa dalili. Na san abin da ke takarda da abin da ke faruwa a shingen bincike ba kullum suke zama ɗaya ba, musamman a yankin da ake zargin duk mai raunin harsashi. Shi ya sa zai yi kyau ƙungiya ta zauna da babban jami'in 'yan sandan yanki da hakimi a yi magana, mai ɗauka kuma ya riƙa tafiya da katin ƙungiya da wani ɗan'uwan mai raunin.

Ɗauka kuma, mota ta fi babur ga wanda ya suma, ko yake kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Irin wannan mutum huɗu za su ɗaga shi lokaci ɗaya, ɗaya na riƙe da kai, a ɗora a kan ƙyaure ko katako, a shimfiɗe a bayan a-kori-kura. Ɗaukar nan ta biyu-a-hannu biyu-a-ƙafa, kai na reto, ita ke mai da tsagewar ƙashin wuya shanyewar jiki ta har abada. In babur kaɗai ake da shi, da babu gara ba daɗi: na baya ya rungume shi, ya tallafe kan da muƙamuƙin kada haɓa ta faɗa ƙirji. Mai raunin harbi ko suka kuwa ba a ɓata lokaci wajen neman katako, a tsayar da jini a kama hanya. Karaya a tallafe ta da kwali ko kara a naɗe sako-sako, yatsun a waje ana gani. Ba na raina maɗora, sun tsaya wa mutane inda ba kowa, amma ɗorin da aka tamke a kan gaɓa mai kumbura yana kashe ta, kuma yatsun da suka yi sanyi ko baƙi ko suka daina ji, a kwance nan take a nufi asibiti. A Arba Minch ta kudancin Habasha, bitar yini ɗaya aka yi wa maɗora 112, yanke gaɓa saboda ruɓar ɗori ya ragu da fiye da rabi. In kun shirya horo ku gayyato na garinku.

Su kansu ma'aikatan asibiti sai an koya musu wannan fanni daban. Tsarin da asibitocin duniya suka daɗe suna bi, a fara da hanyar iska, sai numfashi, sai jini, ya samo asali ne daga wani likitan ƙashi, James Styner, da ƙaramin jirginsa ya faɗi a karkarar Nebraska ta Amurka a 1976. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka, ƙaramin asibitin da ya kai su cikin dare kuma ya tarar ba a shirya wa irin wannan ba. Daga nan ya haɗu da wasu suka tsara kwas ɗin da aka fara a 1978. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa suka fitar da wani na 'yan kwanaki musamman don ƙananan asibitoci marasa kayan aiki. A ganina bai kamata ɗalibi ya fita daga kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe ko ta jinya ta Gusau bai yi shi da hannunsa ba, tunda shi za a tura ƙauyen da ba likita.

Duk wannan bayan abin ya faru ne. William Haddon, likitan da ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurran tituna ta Amurka, ya koyar da cewa a duba haɗari a matakai uku, kafinsa, lokacinsa da bayansa, kuma a daina ɗora komai a kan gangancin direba, a dubi abin hawan da hanyar ma. Garin da kasuwa ke tumbatsa har kan babban titi, tireloli na wucewa, ana sauke buhuna a kan kwalta, hanyar ce ke bukatar gyara. A mahaɗar Suhum da ke kan titin Accra zuwa Kumasi, 'yan tudun rage gudu aka jera, haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mutuwa da kusan kashi 55. Wannan abu ne da ƙungiyarku da ta direbobi da sarkin kasuwa za su iya nema a rubuce. Hular kwano kuma, da aka tattara bincike masu yawa an ga tana rage mutuwa da kashi 42, raunin kai da kashi 69. Na tuna yadda aka tilasta ta ranar 1 ga Janairun 2009, har wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya don kauce wa kamu, fasinjoji kuma na gudunta don tsoron asiri. Tilas ba tare da bayani da sauƙin farashi ba ce ta jawo haka, hular ba ta da laifi. Ko fasinja ya ƙi, kai da ke wuni a kan babur sa taka, ka ɗaure igiyar haɓa, don wadda ba a ɗaure ba tun kafin kai ya taɓa ƙasa take tashi. Lodin mutum huɗu da buhu, da ƙwayar tramol da wasu matasanku ke sha wai don kashe gajiya, wannan kun fi ni sanin yadda za ku yi da su a dokar ƙungiya.

Horon kuwa ba sai kun jira Abuja ba. Red Cross ta Najeriya tana da reshe a Zamfara, jami'an kiyaye haɗurra na koyarwa, 'yan agajin Izala da na Fityanu da na Jama'atu suna kusan kowane gari, ma'aikatan jinya na ɗakin gaggawa a Ƙaura kuma su suka fi kowa sanin irin raunukan da kuke kai musu. Ku nemi yini ɗaya da ba na kasuwa ba, cikin Hausa, kowa ya murɗa ɗauri a cinyar ɗan'uwansa ya tura muƙamuƙi da hannunsa, kada a tsaya a jawabi. A haɗa da 'yan kamasho, mahauta, 'yan dako da matan da ke sayar da abinci a bakin titi. A ajiye akwati a tasha da bandeji, safar hannu, almakashi, tocila, bargo biyu da zannuwa wankakku, mabuɗin kuma kada ya zama a aljihun mutum ɗaya. A maimaita gwajin duk bayan wata shida, don hannu na mantuwa. Sannan sakatarenku ya buɗe littafi: rana, wuri, lokaci, irin raunin, abin da aka yi, asibitin da aka kai, awa nawa aka ɗauka, ya rayu ko ya rasu. Bayan shekara ɗaya littafin zai nuna muku kwanar da ta fi cin mutane da lokacin da abin ya fi faruwa, kuma shi za ku ajiye a gaban shugaban ƙaramar hukuma in kun je neman tudun rage gudu ko motar ɗaukar marasa lafiya.